Shekara 54 a Najeriya, 61 a Nijar: daga ina lissafin ya fito, kuma gaba ake ci ko baya?

Tambaya: Na ji a rediyo an ce matsakaicin tsawon rayuwar ɗan Najeriya shekara 54 ne, wai mu ne na ƙarshe a duniya, har Nijar ta wuce mu. Amma a unguwarmu akwai dattawa masu shekara 80 har 90. Ina aka samo wannan adadi? Da can nawa ne, kuma yanzu gaba ake ci ko baya?

Amsa: Malam, abin da ka ji a rediyo da abin da kake gani a unguwarku ba su ci karo da juna ba. Adadin 54 ba ya nufin ɗan Najeriya yana mutuwa da ya kai shekara 54, kuma ba ajalin kowa ake lissafawa ba, wannan sanin Allah ne. Abin da ake aunawa shi ne yawan mutuwar da ake yi a kowane rukunin shekaru cikin shekara guda, sannan a dunƙule shi ya koma lamba ɗaya.

Ɗauki jarirai goma da aka haifa rana ɗaya. Biyu suka rasu kowanne yana da shekara ɗaya, sauran takwas suka kai 70. Idan ka tara shekarun da suka rayu za ka samu 562, ka raba gida goma ya ba ka 56 da ɗoriya. A cikinsu babu wanda ya mutu yana da 56, kuma wanda ya shigo unguwar bayan shekara sittin tsofaffi takwas zai tarar, ba zai ga biyun da aka binne tun suna goye ba. Mutuwar yaro ɗaya tana jan adadin ƙasa fiye da mutuwar tsofaffi da yawa, domin shekaru sittin ko saba'in ne suke tafiya da shi a lokaci guda.

Masana ƙididdigar jama'a suna yin wannan lissafi ne da abin da suke kira jadawalin rayuwa. Da farko a nemo yawan mutuwa a kowane mataki: jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, yara daga shekara 1 zuwa 4, daga nan biyar-biyar har zuwa tsufa. Sai a ƙaddara an haifi jarirai 100,000 yau, a bi da su ta waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, a kowane mataki a cire waɗanda za su rasu bisa yanayin bana. A ƙarshe a tara duk shekarun da suka rayu a raba da 100,000. Saboda haka adadin hoton halin da ake ciki ne a wannan shekarar, ba hasashen abin da zai sami jaririn da aka haifa ba. Idan abubuwa suka gyaru nan gaba, zai rayu fiye da haka. Kuma kowane mataki yana da nasa adadin. Yaron da ya tsallake shekara biyar a Najeriya, ko a lissafin da ya ba da 54 ɗin, ana sa ran zai kai 60 ko ya ɗan wuce. Wanda ya riga ya kai 60 ana sa masa ran ƙarin shekara 14 zuwa 18, ya danganta da lissafin hukumar da ka ɗauka. Dattawan unguwarku suna cikin wannan rukuni. Kodayake, shekarun tsofaffinmu ma sai an yi hattara: inda babu takardar haihuwa, mai 73 yakan zama mai 80, mai 82 ya zama mai 100, kuma a kowace ƙidaya za ka ga mutane sun taru a kan lambobin da suka ƙare da sifili ko biyar.

Adadin 54 da rabi na sashen ƙididdigar jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ne, a fitowarsa ta 2024, kuma na shekarar 2023 ne. A wannan lissafin Najeriya ce a ƙasa, Chadi tana gabanta da kaɗan, Nijar tana da kimanin 61, Ghana 65, duniya baki ɗaya 73, Japan kuwa ta haura 84.

Tarihin adadin a Najeriya zango uku ne. Lokacin samun 'yancin kai a 1960 yana wajen shekara 37. Daga nan ya yi ta hawa har ya kai 45 zuwa 46 a 1980, in ban da faɗuwar da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya jawo, inda yunwa ta kashe fiye da waɗanda harsashi ya kashe. Wannan hawan ba abin mamaki ba ne. An fara gangamin lambar agana a 1967, kuma zuwa 1970 an ga ƙarshen cutar a Najeriya. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da kulorokwin sun shiga ƙauyuka, kuɗin mai ya gina asibitoci da hanyoyi da famfuna.

Zango na biyu shi ne mai ciwo: daga 1980 zuwa 2000 adadin ya tsaya cik tsakanin 45 da 47. Shekara ashirin babu gaba. Farashin mai ya faɗi, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa asibitin gwamnati ya koma wurin da ake rubuta maka magani ka je ka saya a waje. A ƙarshen shekarun 1980 ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta fara bijire wa kulorokwin, amma aka ci gaba da ba yara shi har wajen 2005 kafin a sauya a hukumance. Allurar riga-kafi ta yi tashe zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, bayan nan ta ruguje, har binciken lafiya na ƙasa na 2003 ya tarar yara 13 kacal cikin 100 ne suka kammala alluransu. A 1996 sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 ya kashe fiye da 11,000, galibi a Arewa. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a cikin wannan annoba yana daga abin da ya haifar da rashin yardar da ta kai ga dakatar da allurar shan inna a 2003 zuwa 2004. Ƙanjamau ma ta ba da nata kason, sai dai ba ita ce ta riƙe Najeriya ba: a Zimbabuwe cutar ta zubar da adadin daga kusan 60 zuwa ƙasa da 45, a nan kuwa babban binciken ƙanjamau na 2018 ya samu cutar a jikin kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49.

Zango na uku daga 2000 ne zuwa yau: 47, zuwa 51 a 2010, zuwa 54 da rabi. Gaba ake ci, amma tafiyar hawainiya. Habasha ta tashi daga wajen 50 zuwa 67 a daidai wannan lokaci, Ruwanda ma ta kai kusan nan bayan ta taso daga ƙasa da 50.

Yanzu ga abin da rediyo bai faɗa maka ba. Najeriya ba ta ƙirga matattunta. Doka ta 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma mutuwar da ake yi wa rajista ba ta wuce ɗaya cikin goma ba. Mutum ya rasu da asuba a gida, kafin azahar an kai shi makwancinsa, babu wanda ya nemi takarda, sai fa idan akwai fansho ko kuɗi a banki da magada za su karɓa. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe an yi ta a 2006. Wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta. A Ingila ko Japan ana gina jadawalin rayuwa da takardun mutuwa na haƙiƙa, a nan kuwa da tambayoyi ake gina shi. Abin da ya faru a Kano a watan Afrilun 2020 ya nuna girman wannan giɓi: da mace-mace suka yawaita, labarin daga bakin masu haƙar kabari ya fara fitowa, kuma sai da aka bi gida-gida ana tambayar iyalai alamomin da mamaci ya nuna kafin ministan lafiya ya sanar da cewa mutum 979 ne, kuma ana ganin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna da alaƙa da korona.

Babban tushen bayanai shi ne binciken jama'a da lafiya da ake kira NDHS, wanda aka yi a 1990, 1999, 2003, 2008, 2013, 2018 da 2023 zuwa 2024. A na 2018 an yi hira da mata kusan 42,000 'yan shekara 15 zuwa 49. Ana tambayar kowace mace haihuwarta tun daga ta fari: wace shekara da wane wata, yana raye ko ya rasu, in ya rasu yana da kwana nawa, wata nawa ko shekara nawa. Daga nan ake fitar da mutuwar yara, kuma wannan ɓangare yana da ƙwari, duk da kurakuransa sanannu ne. Jaririn da ya koma kafin suna sau da yawa ba a lissafa shi, ko a haɗa shi da wanda aka haifa babu rai. Wata uwar kunya ba ta barinta ta ambaci ɗan fari. Yaron da ya rasu yana wata goma ko wata goma sha huɗu akan ce shekara ɗaya, wannan kuwa yana rikita rabon mutuwar jarirai da ta yara. Uwar da ta rasu babu mai ba da labarin 'ya'yanta, alhali su suka fi shiga haɗari. Wasu masu ɗaukar bayanai sukan tura ranar haihuwar yaro baya don su kauce wa dogayen tambayoyin 'yan ƙasa da shekara biyar. Sannan inda babu tsaro ba a zuwa, kamar wasu ƙananan hukumomin Borno a 2018. Kusan duk waɗannan kurakurai rage adadin mutuwa suke yi, ba ƙara shi ba.

Ɓangaren manya ne mai rauni. Ana tambayar mace 'yan'uwanta da suka fito ciki ɗaya: su nawa ne, wa ke raye, wanda ya rasu yaushe kuma yana da shekara nawa. Mutane suna mantawa da yayyen da suka rasu tun suna ƙanana, gidan da kowa ya ƙare babu mai ba da labarinsa, kuma wannan hanya ba ta cewa komai a kan tsofaffi. Dole kowace hukuma ta yi gyara da nata tsari, wani lokaci ta aro siffar mace-macen wasu ƙasashe masu cikakkiyar rajista ta ɗora. A nan ne hanyoyi suka rabu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Najeriya shekara 62.6 a 2019, a shekarar da sashen ƙididdiga na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba ta kimanin 53. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya, tazarar kusan shekara goma. A wancan lissafi na Hukumar Lafiya, Nijar tana da 63.3, wato tazararta da Najeriya ba ta kai shekara ɗaya ba, kuma Lesotho ce a ƙasa, ba Najeriya ba. Saboda haka maganar cewa mu ne na ƙarshe a duniya, ni ba zan rantse a kanta ba. Abin da babu jayayya a kansa shi ne muna cikin rukunin ƙasa a kowane lissafi, kuma ƙasashe da dama da ba su kai mu arziki ba suna gabanmu.

Mu koma ga abin da aka auna da kyau. Yaran da ke rasuwa kafin cika shekara biyar, cikin kowane 1,000 da aka haifa da rai: 201 a binciken 2003, 157 a 2008, 128 a 2013, 132 a 2018, 110 a na 2023 zuwa 2024. Kada ka ɗauki tashin 128 zuwa 132 a matsayin koma baya na haƙiƙa, tazarar tana cikin kuskuren da ke iya zuwa idan wasu gidaje kawai aka tambaya, ba duka ba. Fassarar da ta fi daidai ita ce an tsaya wuri ɗaya. Ka kuma lura kowane adadi na shekaru biyar ne kafin binciken, na jihohi ma shekaru goma, don haka abin da aka buga bana labarin jiya yake bayarwa.

Matsakaicin ƙasa yana ɓoye abin da ya fi shafar mai karanta Hausa. A binciken 2018, yaran da ke rasuwa kafin shekara biyar cikin 1,000: Arewa maso Yamma tana da 187, Arewa maso Gabas 134, Kudu maso Yamma 62. Kebbi 252, wato yaro ɗaya cikin huɗu, Ogun kuwa 30. Kuma yankin da yara suka fi mutuwa nan aka fi haihuwa: mace a Arewa maso Yamma tana haifar 'ya'ya 6.6 a matsakaici, ƙasa baki ɗaya 5.3. Ke nan kaso mafi tsoka na jariran Najeriya a inda haɗari ya fi yawa ake haifarsu, shi ya sa adadin ƙasa ba zai motsa sosai ba sai Kano, Katsina, Jigawa, Sakkwato, Kebbi, Zamfara da Kaduna sun motsa. Binciken ya nuna abubuwan da ke tafiya tare da haɗarin: 'ya'yan uwar da ba ta yi boko ba 170, na wadda ta wuce sakandare 56, yaron da aka haifa ƙasa da shekara biyu bayan yayansa 183, wanda aka ba tazarar shekara huɗu ko fiye 83. Iyayenmu da suke ƙyamar kwanika suna da hujja, ga lissafi ya tabbatar musu.

Abubuwan da ke kashe yaran ba su da yawa, kuma kowanne an san maganinsa. Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi 31 cikin 100 na duk mutuwar zazzaɓin cizon sauro a duniya. Yaran da aka samu da ƙwayar cutar a jini sun ragu daga kashi 42 a 2010 zuwa 22 a 2021, amma a Kebbi kusan rabi ne har lokacin, Legas kuwa kashi 2 zuwa 3. A yankinmu cutar ta damina ce, shi ya sa tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar maganin riga-kafin damina ga yara daga wata 3 zuwa wata 59: zagaye ɗaya duk kwana 28, yawanci daga Yuli zuwa Oktoba, kowane zagaye kwana uku. Ranar farko ma'aikaci ne ke ba da ƙwayoyi biyu a gabansa, rana ta biyu da ta uku uwa ce ke bayarwa a gida. A nan aikin yake lalacewa: maganin yana da ɗaci, yaro ya yi amai, uwa ta ajiye sauran sai ranar da ya yi zazzaɓi, ko ta raba wa yayyensa. Kariyar kuwa ba ta cika sai an sha na kwana ukun. Allurar riga-kafin zazzaɓin ta fara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, amma ƙari ce a kan gidan sauro, ba madadinsa ba.

Gudawa ba ita ke kisa kai tsaye ba, bushewar jiki ce. Ƙunshi ɗaya na ruwan gishiri da sukari a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, da ƙwayar zinki miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga ɗan ƙasa da wata shida, sun isa a mafi yawan lokuta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce haƙori ne, ko a sayo maganin tsayar da gudawa a kemis a daina ba da ruwa. Ciwon sanyin haƙarƙari ana gane shi da ƙirga numfashi na minti guda: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, sai a ba da amoksisilin, idan ƙirji yana lotsawa sosai ko yaro ya kasa sha, asibiti mai iskar oksijin ake nema, kuma nan ne ƙananan asibitoci da yawa suke gazawa. Ƙyanda tana buƙatar allura biyu, wata 9 da wata 15, kuma sai kusan kashi 95 na yara sun samu kafin ta daina yawo. Yaran da suka kammala alluransu sun kai kashi 31 a 2018 da 39 a bincike na baya-bayan nan. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022 sakamakon wannan giɓi ne. A ƙarƙashin duka kuma akwai tamowa. A 2018 yara 57 cikin 100 a Arewa maso Yamma sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Ƙyandar da ƙosasshen yaro zai tashi daga ita cikin mako biyu, ita ce ke tafiya da mai tamowa.

Inda aka fi tsayawa cik shi ne watan farko. Mutuwar jarirai cikin kwana 28 na farko ta kasance 40 cikin 1,000 a 2008, 37 a 2013, 39 a 2018, 41 a na ƙarshe. Shekara goma sha biyar babu canji, kuma yanzu ita ce fiye da kashi ɗaya bisa uku na duk mutuwar yara. Dalili shi ne gangami ba ya magance ta. Gidan sauro da allura ana iya raba su ƙofa-ƙofa sau biyu a shekara, amma bakwaini, da jaririn da ya fito bai yi kuka ba, da cibiyar da ta kamu da ƙwayar cuta, suna buƙatar ƙwararre a wurin a daidai wannan sa'a, ko da ƙarfe biyun dare ne. A 2018 haihuwa 39 cikin 100 ce aka yi a asibiti, a Arewa maso Yamma 16. Wasu matakan ba su da tsada: a goge jariri a rufe shi nan take, a jinkirta wanka zuwa awa 24, a sa shi a nono cikin awa ɗaya ya sha dakashi maimakon a matse a zubar, a shafa maganin kuloheksidin a cibiya maimakon toka ko man goge baki, bakwaini a ɗaure shi a ƙirjin uwa fata da fata. Amma farfaɗo da wanda bai numfasa ba sai da 'yar jakar hura iska da hannun da ya iya amfani da ita cikin minti na farko.

A wannan ɗakin haihuwar ne kuma ake rasa iyaye mata. Binciken 2018 ya ba da mutuwar mata 512 cikin haihuwa 100,000, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa sun ƙiyasta kusan 1,000, wato mata kimanin 75,000 a 2023, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Ka ga nan ma tazarar ninki biyu ce, saboda matsalar tambayar 'yan'uwa da na ambata. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu. Allurar oksitosin tana hana shi, amma tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma wadda ta kwana a kanta cikin zafin Afrilu ƙarfinta ya ragu ko da kwanan watanta bai ƙare ba. Jijjiga tana da magani mai araha, sai dai awon hawan jini lokacin awon ciki ne ke nuna ta tun kafin ta zo. Alamar wannan asara tana cikin jadawalin kansa: a duniya mata sun fi maza tsawon rai da kusan shekara biyar, a Najeriya tazarar ba ta kai shekara ɗaya ba.

Batun Nijar kuwa, darasinta na gaskiya a saurin da ta yi yake. A binciken 1992 fiye da yara 300 cikin 1,000 ke rasuwa kafin shekara biyar, mafi muni a duniya a lokacin. Ya sauko zuwa 274 a 1998, 198 a 2006, 127 a 2012, wato ta kamo Najeriya duk da bambancin arziki. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya bi diddigin dalilai: ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000 da aka gina a karkara zamanin Shugaba Tandja Mamadou, kula da yara 'yan ƙasa da biyar da masu ciki kyauta daga 2006, rabon gidan sauro da sinadarin bitamin A, da cibiyoyin tamowa da aka faɗaɗa bayan yunwar 2005 wadda ta fi tsanani a wajen Maraɗi da Damagaram. Babu babban asibiti a cikin jerin. Sai dai tun wajen 2012 ita ma ta tsaya: gwamnati ta riƙa jinkirta biyan asibitoci kuɗin maganin kyauta, kantoci suka bushe, ga rashin tsaro a Diffa da Tillaberi. A ƙiyasin shekarar 2023 mutuwar yara a Nijar tana wajen 115 cikin 1,000, ta ɗan ɗara ta Najeriya ma. Wannan yana nufin tazarar shekara bakwai da ka ji ba daga yara ta fito ba, daga ƙiyasin mutuwar manya ne, ɓangaren da bayanansa suka fi rauni a ƙasashen biyu.

Za ka iya lissafa da kanka abin da gyara zai kawo. Idan mutuwar yara ta sauka daga 110 zuwa 25, adadin da ƙasashe suka yi alkawarin kaiwa a 2030, an ceto yara 85 cikin 1,000. Kowannensu zai ƙara kimanin shekara 56, jimilla 4,760, a raba da 1,000: kusan shekara biyar. Wato 54 zai koma 59. Sauran tazarar zuwa 73 tana wurin manya: haihuwa, tarin fuka, hatsarin mota, rikici, sikila, da hawan jini da ciwon suga waɗanda mutum ba ya sanin yana da su sai ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta tsaya. Waɗannan suna son magani na kullum, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita, kuma kason lafiya a kasafin tarayya yakan tsaya wajen kashi 4 zuwa 6 duk da alkawarin kashi 15 da aka yi a Abuja a 2001.

Idan ka sake jin sabon adadi, ka tambayi wace hukuma ce ta fitar da shi, na wace shekara ne, kuma akwai sabon bincike a ƙarƙashinsa ko daga tsofaffin bayanai aka yi hasashe. Kada ka kwatanta adadin wata hukuma na bana da na wata hukuma na bara, kuma ko hukuma ɗaya ce, duk sabuwar fitowa tana sake lissafa shekarun baya gaba ɗaya. Tambaya ta uku ta ƙara nauyi yanzu, domin a farkon 2025 gwamnatin Amurka ta yanke kuɗin da take ba shirin da ke tallafa wa binciken NDHS da irinsa a ƙasashe da dama. Duk shekarar da ba a shiga gidaje an yi sabbin tambayoyi ba, ƙarin 'yan watannin da za ka ji an ce tsawon rayuwa ya yi hasashen kwamfuta ne daga bayanan 2024 zuwa baya.